Frances Perkins: Matar Da Ta Aza Harsashin Fansho Da Mafi Ƙarancin Albashi A Amurka

A kowane wata, mutane fiye da miliyan 60 a Amurka na karɓar kuɗi daga gwamnatin tarayya, akasarinsu tsofaffin da suka ajiye aiki, sai marayu da matan da mazajensu suka rasu da kuma naƙasassu. Tsarin da ke biyan su ya samo asali ne daga wata doka ta shekarar 1935, kuma wadda ta shugabanci kwamitin da ya tsara dokar ita ce Frances Perkins, mace ta farko da ta taɓa zama minista a tarihin ƙasar. Ta riƙe Ma'aikatar Ƙwadago daga 1933 zuwa 1945, kuma har yau babu wanda ya kai ta daɗewa a kan wannan kujera.

Perkins ba ta tashi cikin talauci ba, kuma ba da ilimin tattalin arziki ta fara karatu ba. Ta san halin da matalauta ke ciki ne ta hanyar shiga masana'antu da gidajen haya tana gani da idonta, tana rubuta abin da ta gani. Ta kuma koyi siyasa a hannun mutanen da 'yan ajinta suke raina wa. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ce ta ba ta ikon mayar da tausayi doka. Sai dai sassaucin da ta riƙa yi domin dokokin su samu wucewa ya bar wasu a waje, kuma waɗanda aka bari su ne suka fi kowa buƙata.

Tasowarta da karatunta

An haife ta a birnin Boston ranar 10 ga Afrilu, 1880, aka raɗa mata suna Fannie Coralie Perkins. Ta girma a garin Worcester na jihar Massachusetts, inda mahaifinta Frederick Perkins yake sana'ar sayar da takardu da kayan rubutu. Asalin gidansu kuwa yana garin Newcastle a jihar Maine, can ne take zuwa hutu wurin kakarta. Gida ne na masu rufin asiri da riƙo da addinin Kirista, masu ra'ayin mazan jiya. A irin wannan gida, abin da yaro yake ji shi ne talauci yana zuwa ne daga lalaci ko shaye-shaye, kuma 'ya mace ba ta da hurumin tsoma baki a cikin lamarin.

Ta shiga kwalejin mata ta Mount Holyoke ta karanta kimiyyar sinadarai da fiziks, ta kammala a 1902. A shekararta ta ƙarshe ta ɗauki darasin tarihin tattalin arzikin Amurka a wurin wata malama mai suna Annah May Soule, wadda ta wajabta wa ɗalibanta su ziyarci masaƙu da masana'antun takarda da ke kusa, su rubuta rahoto kan yanayin aiki. A nan ne Perkins ta fara ganin mata da yara suna wuni a gaban injuna marasa kariya, ta kuma gane cewa ma'aikacin da inji ya yanke wa hannu yakan rasa aikinsa ba tare da ko sisin kwabo na diyya ba. Magidanci na iya zama mai ƙwazo da kamun kai, amma haɗari guda ya jefa iyalinsa cikin fatara. A wannan lokaci ne kuma ta saurari jawabin Florence Kelley, shugabar wata ƙungiyar masu sayen kaya da ke fafutukar hana sa yara aiki a masana'antu. Kelley ta zama uwar ɗakinta a wannan fage har tsawon shekaru.

Bayan kammala karatu ta koyar a makaranta, ciki har da wata makarantar 'yan mata a Lake Forest kusa da Chicago. A can ne ta koma ɗarikar Episkofal, ta canza sunanta zuwa Frances. Lokutan hutunta tana yin su ne a Hull House da Chicago Commons, wato gidajen da 'yan boko suka kafa a tsakiyar unguwannin baƙi matalauta domin su zauna tare da su, su koyar da su, su kuma tattara bayanai kan rayuwarsu. Takan raka ma'aikatan jinya gida-gida, takan kuma je karɓo wa leburori albashin da iyayen gidansu suka danne.

A 1907 ta koma Philadelphia ta kama aiki da wata ƙungiya mai kare 'yan matan da suka shigo birni neman aiki, baƙi daga Turai da baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar, waɗanda dillalan aiki na bogi suke tarewa a tasha suna kai su gidajen karuwai. A daidai wannan lokaci ta fara karatun tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania a wurin Simon Patten, masanin da yake ganin cewa arzikin da masana'antu ke samarwa ya kai a ce an kawar da talauci, idan aka gyara yadda ake rabonsa. Daga nan ta wuce New York, inda ta samu digiri na biyu a Jami'ar Columbia a 1910. Binciken da ta yi kan ƙarancin abinci mai gina jiki ne a tsakanin yara 107 na wata makarantar gwamnati a unguwar Hell's Kitchen, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi talauci a birnin.

Gobarar da ta sauya alƙiblarta

A 1910 aka naɗa ta sakatariyar reshen New York na ƙungiyar Florence Kelley. Aikinta ya haɗa da binciken gidajen burodi da ke ƙarƙashin ƙasa, da haɗarin gobara a masana'antu, da kuma zirga-zirga zuwa Albany, hedkwatar jihar, domin shawo kan 'yan majalisa.

Ranar Asabar 25 ga Maris, 1911, tana shan shayi a gidan wata ƙawarta kusa da dandalin Washington Square sai gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle, wadda take hawa na takwas da na tara da na goma na wani dogon bene. Ta ruga wurin ta tarar da 'yan mata suna faɗowa ta tagogi. An kulle ɗaya daga cikin ƙofofin fita na hawa na tara, matakalar ƙarfe ta gudun gobara ta karye, tsanin 'yan kwana-kwana kuma bai wuce hawa na shida ba. Mutum 146 suka mutu, 123 daga cikinsu mata ne da 'yan mata, galibi baƙi 'yan Italiya da Yahudawan gabashin Turai. An gurfanar da masu masana'antar su biyu, amma kafin ƙarshen shekarar kotu ta sallame su.

Fushin jama'a ya sa aka kafa wani kwamitin kare lafiyar ma'aikata a birnin, kuma a 1912 Perkins ta zama sakatariyarsa. Majalisar jihar ita ma ta kafa hukumar binciken masana'antu ƙarƙashin 'yan majalisa biyu, Robert Wagner da Al Smith. Wagner ɗan baƙi ne da aka kawo daga Jamus yana yaro. Smith kuwa ya bar makaranta tun yana ɗan saurayi bayan rasuwar mahaifinsa, ya yi aiki a kasuwar kifi ta Fulton. Dukansu 'yan gidan siyasar Tammany ne, wanda ya yi ƙaurin suna wajen cin hanci da sayen ƙuri'a, kuma masu fafutukar gyara irin su Perkins ba sa ko son a gan su tare da mutanensa. Ita ba ta yi wannan ƙyama ba. Ta zama mai bincike kuma mai ba hukumar shaida, ta riƙa jan 'yan majalisar zuwa masana'antu ba tare da sanarwa ba, wani lokaci da asuba, domin su ga matan da suka kwana suna aiki da yaran da ake sa wa ɓarar wake a masana'antun abincin gwangwani. A cikin 'yan shekaru jihar New York ta zartar da sababbin dokoki fiye da 30 kan gobara da tsafta da sa'o'in aiki, wasu jihohi kuma suka kwaikwaya.

Wani abu da ya faru a 1912 ya nuna irin hanyar da za ta bi har ƙarshen aikinta. Ta daɗe tana neman a zartar da dokar da za ta taƙaita aikin mata a masana'antu zuwa sa'o'i 54 a mako. A ranar ƙarshe ta zaman majalisa, ƙudurin da ya rage a gaba shi ne wanda ya cire masana'antun abincin gwangwani, alhali ƙungiyarta ta ce ba ta yarda da a ware kowa ba. Ba ta da lokacin shawara da kowa. Ta lissafa ta ga cewa matan da dokar za ta kare sun ninka waɗanda aka cire sau da yawa, ta amince, kuma da taimakon Tim Sullivan, wani jigo na Tammany, ƙudurin ya wuce. Ta koma tana fargabar faɗan Kelley, sai ta tarar da ita cikin murna. Hausawa kan ce da babu gara ba daɗi, kuma da wannan fahimta Perkins ta yi aiki daga wannan rana: a karɓi abin da ya samu, a dawo neman saura.

Daga fafutuka zuwa gwamnati

A 1913 ta auri Paul Wilson, masanin tattalin arziki da ke aiki a gwamnatin birnin New York, amma ta ci gaba da amfani da sunan gidansu, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Sun haifi 'ya ɗaya, Susanna, a 1916. Ba da daɗewa ba mijin ya kamu da taɓin hankali mai zuwa yana dawowa, dukiyar da ya gada ta salwanta, ya riƙa shiga asibiti yana fita har ƙarshen rayuwarsa. Daga nan ɗawainiyar gida da kuɗin jinya suka koma wuyanta. Ta ɓoye wannan al'amari ga jama'a iya ƙarfinta, abin da ya sa 'yan jarida suka ɗauke ta mace mai shariya. Amma matar da take tsara wa magidanta kariya daga rashin lafiya da rasa mai ciyarwa ta san ciwon a cikin ɗakinta.

Da Al Smith ya zama gwamna, sai ya naɗa ta a hukumar masana'antu ta jihar a 1919. A shekarar ce ta je garin Rome na jihar New York ta shiga tsakani a yajin aikin ma'aikatan tagulla, ta sa masu kamfanoni suka zauna da ma'aikatansu bayan sun daɗe suna ƙi. A 1926 ta zama shugabar hukumar da ke yanke hukunci kan ƙararrakin diyyar ma'aikata. A 1929 sabon gwamna, Franklin Roosevelt, ya ɗora ta a kan ma'aikatar ƙwadago ta jihar baki ɗaya.

A watan Oktoban wannan shekara kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, tattalin arzikin ƙasar ya shiga mummunar karaya. A farkon 1930 Shugaba Herbert Hoover ya ba da sanarwar cewa ayyukan yi sun fara ƙaruwa. Perkins ta duba alƙaluman ma'aikatarta ta ga akasin haka, ta kira 'yan jarida ta ƙaryata shi a fili. Lokaci ya gaskata ta, sunanta kuma ya bazu a ƙasar. A 1931 ta tafi Ingila ta nazarci yadda inshorar rashin aikin yi take gudana a can, ta dawo ta ci gaba da nusar da Roosevelt amfaninta.

Minista mai sharuɗɗa

Lokacin da Roosevelt ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1932, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aiki. Bankuna suna rufewa da ajiyar mutane, ana korar iyalai daga gidajensu, ƙungiyoyin agaji da ƙananan hukumomi kuma kuɗinsu ya ƙare. A watan Fabrairun 1933 ya kira Perkins ya yi mata tayin kujerar ƙwadago. Ta je da jerin abubuwan da take so ya yi alkawarin mara mata baya a kansu: tallafin gaggawa daga gwamnatin tarayya, manyan ayyukan raya ƙasa don samar da aiki, ƙayyade sa'o'in aiki, mafi ƙarancin albashi, hana sa yara aiki, ofisoshin neman aiki, inshorar rashin aikin yi, fanshon tsufa da inshorar lafiya. Ta gargaɗe shi cewa kotuna na iya cewa wasunsu sun saɓa wa tsarin mulki. Ya amince, aka rantsar da ita ranar 4 ga Maris, 1933.

Shugabannin ƙwadago ba su yi maraba da naɗin ba. William Green, shugaban babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, ya fito ya nuna adawa, domin ita mace ce kuma ba ta taɓa zama 'yar ƙungiya ba. Ma'aikatar da ta gada ta fi mayar da hankali kan farautar baƙi da tasa ƙeyarsu. Ta rushe sashen da ya yi fice wajen wannan cin zali, ta ɗauko masanin tattalin arziki Isador Lubin ya gyara ofishin ƙididdigar ƙwadago, domin ta yi imani ba a tsara wa talaka komai da alƙaluman ƙarya. Ma'aikatarta ce ta ɗebi matasa marasa aiki zuwa rundunar dashen itatuwa da gyaran dazuzzuka, inda ake biyan kowanne dala 30 a wata, ana aika dala 25 daga ciki kai tsaye ga iyayensa. A watan Yulin 1933 ta ziyarci garin Homestead na masu narka ƙarfe, shugaban garin ya hana ta ganawa da wasu ma'aikata a zauren taro da kuma dandalin gari, sai ta ja su zuwa gidan waya, wanda yake mallakar gwamnatin tarayya, ta saurare su a can. A 1934 kuma Amurka ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ƙoƙarinta.

Dokar 1935

A watan Yunin 1934 Roosevelt ya kafa kwamitin tsaron tattalin arzikin jama'a, ya sa ta shugabanta. Akwai matsin lamba daga waje, domin wani likita mai suna Francis Townsend ya tara miliyoyin magoya baya da alkawarin a riƙa ba duk wanda ya haura shekara 60 dala 200 a wata, abin da baitulmali ba zai iya ɗauka ba. Dole gwamnati ta fito da nata tsari mai ɗorewa kafin guguwar ta fi ƙarfinta.

Mutanen da suka yi aikin sun fito ne daga gidaje biyu na horo. Edwin Witte, wanda ya jagoranci ma'aikatan kwamitin, da Arthur Altmeyer ɗaliban John R. Commons ne na Jami'ar Wisconsin, malamin da ya saba tura ɗalibansa su rubuta wa jiha dokoki, kuma jihar Wisconsin ce ta fara kafa inshorar rashin aikin yi a 1932. Ɗaya ɓangaren kuwa ma'aikatan jin daɗin jama'a ne irin su Harry Hopkins, wanda ya fara aiki a unguwannin talakawan New York, da Grace Abbott da Katharine Lenroot da likita Martha Eliot na ofishin kula da yara, waɗanda suka tsara sassan da suka shafi uwa da ɗa. Aikin Perkins shi ne ta haɗa kan waɗannan masana masu yawan saɓani. Da muhawara ta ƙi ƙarewa kan ko jihohi ne za su gudanar da inshorar rashin aiki ko tarayya, sai ta tara mambobin kwamitin a gidanta cikin watan Disamba, ta ce ba mai tashi sai an yanke shawara, suka kai tsakar dare kafin su daidaita.

Babban abin tsoro shi ne Kotun Ƙoli, wadda take rushe dokokin gwamnati na tattalin arziki. A cewar Perkins daga baya, Mai Shari'a Harlan Stone ne ya raɗa mata a wurin wata liyafa cewa ikon gwamnatin tarayya na sanya haraji ya isa ya ɗauki nauyin abin da take so. A kan wannan iko aka gina dokar. Majalisar Wakilai ta amince da ita da ƙuri'a 372 a kan 33, Majalisar Dattawa da 77 a kan 6, Roosevelt kuma ya rattaba hannu ranar 14 ga Agusta, 1935, Perkins tana tsaye a bayansa. A ranar ce aka yi mata waya cewa mijinta ya kuɓuce wa masu jinyarsa, don haka daga wurin bikin ta wuce New York nemansa.

Dokar, wadda Amurkawa ke kira Social Security, ta kafa fanshon tsufa da ake tarawa ta hanyar cire kashi 1 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kwatankwacinsa, a kan dala 3,000 na farko a shekara, daga 1937. Roosevelt ya dage kan wannan gudummawa ne domin ma'aikaci ya ɗauki fanshon a matsayin haƙƙinsa da ya biya, ta yadda zai yi wa kowane ɗan siyasa wuya ya soke shi. Dokar ta kuma kafa inshorar rashin aikin yi ta haɗin gwiwar tarayya da jihohi, da tallafi ga tsofaffin da ba su da komai, da makafi, da yaran da suka rasa mai ciyar da su, da kuma kuɗin kula da lafiyar mata masu juna biyu da jarirai. Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccinta a watan Mayun 1937. A watan Janairun 1940 aka fitar da cekin fansho na wata-wata na farko, dala 22 da santi 54, ga wata tsohuwar sakatariyar ofishin lauya a jihar Vermont mai suna Ida May Fuller.

Waɗanda aka bari a waje

Kwamitin Perkins ya ba da shawarar a sa kusan dukan masu albashi cikin tsarin. Amma a gaban majalisa, Sakataren Baitulmali Henry Morgenthau ya nemi a cire leburorin gona da 'yan aikatau, yana mai cewa karɓar haraji daga hannunsu zai gagari hukuma. Majalisa ta cire su. Sakamakon haka kusan rabin ma'aikatan ƙasar suka tsinci kansu a waje, ciki har da kimanin kashi biyu cikin uku na ma'aikata baƙaƙen fata, waɗanda galibinsu a gonakin auduga na kudu da gidajen Turawa suke aiki. Lauyan ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, Charles Hamilton Houston, ya gargaɗi majalisa a kan haka tun kafin a zartar. Masana tarihi suna da saɓani kan ainihin dalili: wasu sun ɗora laifin kan 'yan majalisar kudu da ba sa son abin da zai rage ikonsu a kan leburori masu arha, wasu kuma suna ganin wahalar gudanarwa ce, domin ƙasashen Turai ma haka suka fara. Ko ma wane ne dalilin, tsarin da aka gina a kan takardar albashi ya tsallake wanda ba shi da takardar albashi.

Tallafin yara ma ya fito da rauni. An bar wa jihohi ikon tantance wanda ya cancanta da adadin da za a biya, gwamnatin tarayya tana biyan kashi ɗaya cikin uku kawai, kuma ba a ware wa uwar da ke riƙon yaran komai ba sai a 1950. Jihohi da dama sun yi amfani da wannan dama suka riƙa hana mata baƙaƙen fata da waɗanda suka haihu ba aure. Inshorar lafiya kuwa tun a kwamiti aka ajiye ta, saboda ƙungiyar likitocin Amurka ta ja daga, kuma an ji tsoron kada ta nutsar da dokar baki ɗaya.

Perkins ta san da waɗannan giɓi, ta kuma yarda da su kamar yadda ta yi a 1912, da fatan za a cike daga baya. An cike wasu. A 1939 aka ƙara matan ma'aikata da marayunsu, a 1950 da 1954 aka shigo da yawancin 'yan aikatau da leburorin gona, a 1956 aka ƙara naƙasassu. Amma shekaru 15 zuwa 20 na jira ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta tsufa tana wanke-wanke a gidan wani, kuma da yawa sun mutu ba su ga gyaran ba. Tallafin yaran kuwa, da yake ba a gina shi a kan gudummawa ba, bai taɓa samun kariyar siyasa irin ta fansho ba, har aka maye gurbinsa da wani tsari mai wa'adi a 1996.

Albashi, tsigewa da ƙarshen aiki

Bayan Kotun Ƙoli ta rushe dokar farfaɗo da masana'antu a 1935, wadda ta ƙunshi ƙa'idojin albashi, Perkins ta fito da wasu ƙudurori da ta sa lauyoyi suka tsara tun da wuri ta adana. Ɗaya ya zama dokar 1936 da ta ɗora sharuɗɗan albashi da sa'o'i a kan 'yan kwangilar gwamnati. Ɗayan kuma, bayan doguwar taƙaddama, ya zama dokar 1938 da ta kafa mafi ƙarancin albashi na santi 25 a sa'a, ta ƙayyade mako a sa'o'i 44 da za su sauka zuwa 40 a 1940, ta kuma hana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara 16 a yawancin masana'antu. A nan ma an cire ma'aikatan gona da 'yan aikatau.

Ta yi abokan gaba da yawa. A 1939 wani ɗan majalisa, J. Parnell Thomas, ya gabatar da ƙudurin tsige ta saboda ta ƙi gaggauta tasa ƙeyar Harry Bridges, haifaffen Ostareliya da ya jagoranci yajin aikin ma'aikatan tashar jiragen ruwa a San Francisco a 1934, wanda ake zargi da kwaminisanci. Matsayinta shi ne a bi shari'a a kawo hujja. Kwamitin shari'a na majalisar ya yi watsi da ƙudurin, amma ɓatancin ya yi mata ciwo, har da ƙaryar da aka yaɗa cewa ta ɓoye asalinta. A shekarun nan ta yi ƙoƙarin sassauta wa Yahudawan da ke gudun mulkin Nazi hanyar shiga Amurka, tana fuskantar turjiya daga Ma'aikatar Harkokin Waje, har aka ɗauke hukumar shige da fice daga hannunta a 1940. Abin da ya riƙa ƙarfafa ta shi ne ibada, domin takan keɓe kanta lokaci-lokaci a wani gidan mata masu zuhudu a jihar Maryland.

Ita da Harold Ickes ne kaɗai ministocin da suka zauna da Roosevelt tun daga farkon mulkinsa har rasuwarsa a watan Afrilun 1945. Ta sauka a ƙarshen watan Yuni na shekarar, ta wallafa littafi kan Roosevelt a 1946, sannan Shugaba Harry Truman ya naɗa ta a hukumar kula da ma'aikatan gwamnati, inda ta zauna har 1953. Mijinta ya rasu a 1952. Da yake jinya ta cinye abin da ta samu, ta ci gaba da aiki har tsufa, tana koyarwa a makarantar nazarin ƙwadago ta Jami'ar Cornell, tana zaune a gida ɗaya da ɗalibai.

Ta rasu a New York ranar 14 ga Mayu, 1965, tana da shekara 85, aka binne ta a Newcastle kusa da mijinta. Makonni 11 bayan rasuwarta, ranar 30 ga Yuli, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan gyaran dokar 1935 da ya kawo inshorar lafiya ga tsofaffi da kuma tallafin jinya ga matalauta, wato wani yanki na abu guda da ya rage a jerin da ta kai wa Roosevelt shekaru 32 kafin nan. A 1980 aka sa wa hedkwatar Ma'aikatar Ƙwadago da ke Washington sunanta, a watan Disambar 2024 kuma aka ayyana gidan kakanninta na Newcastle a matsayin wurin tarihi na ƙasa.